Koriyar Rigar Kawu Isiyaku

Duk wanda ya san Kawu Isiyaku na Roni ya san ba ya wuce leda a hanya. Sai ya tsuguna ya ɗauka, ya ɗaga ta sama yana ƙare mata kallo, ɗan acaɓa na ta yi masa ham.

Tun da ya bar koyar da kimiyya a Kazaure, abu ɗaya ya sa a gaba: ya haɗa robar da wutar lantarki za ta bi ta cikinta, a yi tiransista da ita, 'yan mitsitsin abubuwan nan masu buɗe wa wuta hanya su rufe a cikin rediyo. To kowa ya san da roba ake naɗe waya don kada wuta ta ja mutum, sai gari ya yanke cewa boko ya taɓa Kawu. Wallahi abin yana ci masa rai, ko da yake ba ya nunawa.

Wani mai gyaran wuta ya tare shi a kasuwar Gwiwa, wai roba ba ta ɗaukar wuta. Kawu ya ce, "Taka ce ba ta yi makaranta ba."

Ranar da zai shafa haɗinsa a gilashi kuwa, matarsa Inna Hajara ba shara, ba daka, wai ƙura. Amma ya ɗora mitarsa ta gwada wuta, allura ko gezau.

Ga maƙo! Ba ya sayen kwalba, a tsohuwar kwalbar bula ya zuba haɗin. Ranar wata Alhamis Inna ta zaci bula ce, ta tuttula shi a ruwan ɗaurayar farar rigarsa. Riga ta bushe koriya shar. Kawu ya fito zai yi faɗa, amma sabo ya sa ya fara dangwala mata mita. Allura ta motsa.

"Hajara, me kika yi wa rigar nan?"

"Wanki."

Da rigar ya je Juma'a, mita a aljihu. Bayan sallah dattawa suka yi layi suna gwada shi, yana dariya, hawaye na zuba. Kowa ya zo sai Kawu ya ce masa aikin Hajara ne, shi kwalba kawai ya kawo.

Bai kai ga tiransistar ba. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara nuna shi da baki, kuma ya san haka kafin ya rasu. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna haƙurin rashinsa.