Mai Guga a Cikin Shinge

Ƙofata tana kallon tasa, shi ya sa na san abin da na sani game da mai guga. 'Yata ta ce sa ido ne, ni kuwa na ce ba zan rufe idona a cikin ɗakina ba.

Tun yana saurayi yake guga. A ɗakin wanki na wani otal ya koya, can ƙarƙashin bene inda babu taga sai tururi, ya daɗe a wurin har kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. Da otal ɗin ya rufe sai ya kama ɗaki ɗaya a gidan hayarmu, ya kafa tebur a jikin taga, mutanen unguwa suna kawo masa kaya. Irin mutanen nan ne da za ki gaishe shi ya amsa, ki ce ya aiki ya ce da godiya, hira ta ƙare ke nan. Bai yi aure da wuri ba, kuma matar ba ta daɗe ba. Ta haifi 'ya mace, ta shayar da ita 'yan watanni, ciwo ya kwantar da uwar, Allah ya karɓi abarsa. Yarinyar 'yar firit aka haife ta, shi ya sa yake ce mata Maɓalli, mu ma duk muka bi.

Yayarsa ta so ta tafi da ita tun a zaman makoki. Mace ce mai gida cike da yara, kuma ba muguwa ba ce, gaskiya take faɗa, sai dai ba ta sa mata sukari. Ya ƙi. Wannan ne karo na farko da na ji muryarsa ta wuce bakin ƙofa. A ƙarshe ta nuna gadon jarirai mai sanduna da marigayiyar ta saya, ta ce:

"To, na ji. Muddin tana cikin wannan, ka riƙe ta. Ranar da ta iya fita, tawa ce. Ba zan bar yarinya tana yawo ɗaki ɗaya da dutsen guga ba."

Haka suka zauna. Gadon yana gefen tebur, shi yana guga, ita tana riƙe da sanduna tana yi masa gwaranci. Mutumin da ba ya iya haɗa mini magana uku, sai ga shi yana yi wa jaririya bayanin yadda ake kwantar da wuyan riga. Ban da ita ba shi da abokin hira. Masu kaya a bakin ƙofa suke tsayawa, su karɓa su wuce.

Wata rana da hantsi ina shanya, na hango Maɓalli ta ɗora ƙafa a kan sandar sama, ta yi lilo, ta diro ƙasa kamar kyanwa. Kai tsaye ta nufi wayar dutsen gugar da ke reto a gefen tebur. Na kwatsa ihu, ya cafke ta. Ya daɗe rungume da ita, rigar da yake gogewa tana ƙonewa a kan tebur a bayansa.

"Iya, don Allah kada ki gaya wa Yaya," ya ce.

"Ba zan kai mata ba, Baban Maɓalli. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi ƙarya da furfurata ba."

Da farko ya yi wautar da duk uba zai yi. Ya cire katifa don gadon ya ƙara zurfi, ta hau. Ya ɗaure zanin gado a sama kamar rufi, ta yi ta tsala kuka har na je na kwance da hannuna, na ce masa 'ya ce, ba kaza ba. Bai ji haushi ba. Ya tsaya yana kallon gadon, ya kalli tebur, ya sake kallon gadon.

Washegari ya kira kafinta. Aka yi wa yarinya ɗan gado gajere, wanda ko ta faɗo ba abin da zai same ta. Tsohon gadon kuma ya sa aka ɓalle shi, aka haɗa ɓangarorin aka kewaye teburin guga da su, aka ƙara musu tsawo da katako, aka sa sakata ta ciki. Wayar ya bi da ita ta jikin bango. Sannan ya shiga ya kulle kansa. Ƙaton mutum tsaye cikin shingen jarirai yana fesa wa wando ruwa! Na yi dariya har na riƙe ciki, daga baya tausayinsa ya kama ni.

Maɓalli ba ta karɓi sabon gadon nan take ba. In ya kwantar da ita barcin rana, sai ta sauko, ta ja bargonta, ta kwanta a ƙasa jikin sanduna. Shi kuma ya kashe dutse, ya zare sakata, ya mayar da ita, ya koma. Aikin yini ɗaya ya koma na yini biyu, masu kaya suna ta mita, bai fasa ba. Sannu a hankali ta saba, har ta fara hawa da kanta tana cewa, "Nawa ne."

Sai da ya tabbata sannan ya aika wa yayarsa. Ta zo da autarta, yarinya da ta ɗan girmi Maɓalli. Yaran suka haye gado suna tsalle. Ita kuwa ta kama shingen ta jijjiga, ta durƙusa ta duba inda waya ta bi, ta zura hannu ta gwada ko zai kai tebur. Yana ciki a tsaye kamar mai jiran hukunci.

"Ka kyauta," ta ce. "Wallahi ban zaci haka ba. Riƙe 'yarka."

Na ga ya juya baya yana gyara rigar da ba ta buƙatar gyara.

Da suka tashi tafiya ne Maɓalli ta ɗauki takalmanta, ta kama hannun 'yar uwarta.

"Zan bi Goggo."

"A'a, ke zauna da Babanki," in ji goggon, tana ƙoƙarin zare hannun.

Yarinya ta fashe da kuka, ta ƙanƙame 'yar uwarta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa samun wanda zai yi tsalle da ita ba, kuma shi ma ya gani. Da ni ce, da na ɗauke ta na rufe ƙofa, ta yi kukanta ta gaji. Shi kuwa sai ya zare sakata, ya fito, ya durƙusa ya sa mata takalman.

"Bar ta ta je, Yaya. Ta yi kwana biyu."

Kwana biyun nan har yau ba su cika ba. An sa ta makarantar yara a can, yana zuwa ganinta in aiki ya yi sauƙi, ya dawo ya ce mini ta yi ƙiba. Na ji haushinsa, na ji haushin goggon, har yarinyar ma na ji haushinta, ko da yake babu mai laifi a cikinsu. Na ce masa ya cire shingen nan tunda ba yaro a ɗakin, ya ce ai za ta dawo. Kullum da safe, kafin ya taɓa kayan kowa, yakan yaye ɗan zanin gadonta, ya goge shi, ya sake shimfiɗawa.