Sodangi da Ruɓaɓɓen Kututture

A Kamarawa, in ka ga mutum hannu rine har gwiwa yana yi wa jama'a bayanin abin da ba su tambaye shi ba, to Sodangi ne. Rini ya gada, amma ya ga rinin shuni na baba da wahala, sai ya koma garurar kanti, wadda ke barin ruwa jajawur, ko kare ba ya lasa.

A shekarun fari, da rijiyoyi suka ƙafe, matarsa Kubura ce ke zuwa gulbi ta tona yashi, ta dawo da tulu guda. A ciki za a sha, a dafa, a rage wa akuyarta mai ciki, wadda ita kaɗai fari ya bar mata.

Ana nan sai Sodangi ya lura da wani ruɓaɓɓen kututturen gawo a bayan gida, inda yake zubar da ruwan rini. Farar funfuna ta lulluɓe shi, kuma ruwan da ya kwanta a kogonsa ya washe, jan ya tafi. Shi ke nan, gari ya shiga uku. Gogan ya bi majalisa-majalisa yana shelar ya samo maganin ƙishirwar Gobir.

Liman ya shinshina ruwan, ya ce launi ya tafi amma wari na nan, ba ya alwala. Akuya ma ta shinshina, ta kau da kai. Sodangi ya ce duk jahilci ne, funfunar ce ba ta ƙoshi ba. Da rana ta fara busar da ita, sai ya riƙa fakar idon Kubura yana ɗibar ruwan tulu yana yayyafa wa itace. Kason akuya ne ke tafiya.

"Maigida, wai mi ka shanye ruwan ga?" in ji Kubura.

"Ke dai yi hanƙuri," ya ce. "Rijiya za ni yi miki cikin gida."

Akuya ta rame, ta yi ɓari. Ranar da maƙwabci ya sa mata wuƙa don kada ta zama mushe, Kubura ta zagaya bayan gida tana kuka, ta iske mijinta durƙushe da moɗa yana shayar da kututture. Ta ɗauki tulunta ta nufi gidansu a Gatawa, ba ta sake dawowa ba.

Sodangi ya tsufa yana ba da labarin. Bai taɓa ambaton akuya ba. Abin da ke ƙona masa rai, in ji shi, da matar nan ta ƙara masa tulu guda, da aikin ya kammala.