Lallen da ya rufe tawadar zaɓe

Jama'a, jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu gabana bai daina faɗuwa ba. Da yamma dai na ji ana musu a rediyo kan a mai da jefa ƙuri'a dole. Ko shi ne ya bi ni har kan katifa, oho.

A mafarkin, wai an yi dokar. Duk wanda babu tawadar zaɓe a farcensa, ba kasuwa, ba asibiti. Ni ko a jikina, don ban taɓa fashin zaɓe ba. Ni ce ma mai tsokanar Innata, wadda ta rantse ta daina shan rana a layi saboda mutanen da ba sa waiwayarta.

Sai kawai na gan ni a firamaren unguwarmu, ajin babu rufi, tumaki na kwance kan benci. Aka miƙo mini takarda doguwa kamar zani, alamun jam'iyyun duk iri ɗaya. Na tambaya wacce ce wacce, ba wanda ya tanka mini. Dole ƙanwar na-ƙi, na dangwala, aka shafa mini tawada.

Sai kawai ga ni ina tura Inna a baro. Asmarta ta tashi, tana ta tari, numfashi sama-sama. Muka iso ƙofar asibiti, ina hango gado babu kowa a kai. Mai gadin ban ga fuskarsa ba, sai hula da murya.

"Tsohuwar ba ta yi zaɓe ba. Amma naki zai isar muku. Nuna."

Na miƙa hannu da ƙarfin gwiwa. Ashe jan lalle ne ya rine mini yatsu har ya yi baƙi, irin wanda muke kwana da shi a leda ranar biki. Tawadar ta ɓace a ciki.

"Wallahi na yi, Malam! A duba da kyau!"

Bai duba ba. Ya nuna mini famfo.

Na dirza da sabulu, na dirza da yashi, na koma dutse. Ku mata kun san lalle ba ya jin magiya. Fata ta sale, jan yana nan. Ina dirza ina jin tarin Inna a bayana. Can sai na ji shiru. Na so in waiwaya, wuyana ya ƙi juyawa.

A haka na farka, zufa sharkaf, ina murza yatsana da zanin gado. Sai na jiyo tarin Inna daga ɗakinta. Ban taɓa murnar jin tarin nan ba sai yau, har na yi kuka.

Masu fassara, don Allah ku taimaka mini. Gargaɗi ne kan lafiyar Inna, ko tsoron dokar ne kawai? In ni da na yi zaɓen aka hana ni shiga, ina ga ita? Ga sunan ɗan ƙanwata jibi, tun ɗazu an aiko mini da kwaɓaɓɓen lalle, yana nan a kwano ban taɓa shi ba. In sa, ko in bar hannuna fari?