Baba Sai-a-hankali Ya Ajiye Tuƙi

Ba mai kiransa da sunan yanka a unguwar. Baba Sai-a-hankali kowa ke ce masa, domin tunda ya fara jan bas ɗin makarantar yara ba a taɓa ganin ya yi tsere da wani a kan titi ba. Masu babur su wuce shi, wani lokaci har masu keke, shi ko a jikinsa. In matarsa ta tsokane shi cewa da shi da mai tafiyar ƙasa duk ɗaya ne, sai ya ce, "Ke, 'ya'yan mutane na ɗauko, ba buhunan siminti ba."

Ya daɗe a motar nan har kujerar direba ta loɓa daidai jikinsa. Yaran da ya fara ɗauka sun girma, wasunsu ma nasu 'ya'yan suke miƙo masa a bakin ƙofa. Duk tsawon zamanin nan jami'an hanya gaisawa kawai suke yi da shi.

Sai da furfura ta gama cin kansa takardun tara suka fara zuwa. Ta farko, wai ya shiga titin da aka hana shiga, alhali ya rantse bai ga wani allo ba. Ta biyu, ya goge madubin wata mota da aka ajiye a gefe. Ta ukun ce ta yi muni. Ya sauke yara ke nan yana komawa, ya karya kwana a wata mahaɗa, sai ya ji ƙara. Wani mai babur ne a ƙasa, gwiwa na jini. Allah ya taƙaita, ba karaya. Amma jami'in da ke wurin ya rubuta tuƙin ganganci, ya ce sai kotu. Makaranta kuma ta ce ya huta tukuna.

"Ni? Ganganci?" Haka ya yi ta maimaitawa a tsakar gida. "Wallahi jami'an nan sun sa mini ido ne."

'Yarsa ta fari tela ce, kuma cikin masu kawo mata ɗinki akwai wata lauya. 'Yar ce ta ja shi zuwa ofishin lauyar, wani ɗan ɗaki a saman shagon sayar da waya, fanka na juyawa tana kaɗa gefen fayiloli. Lauyar ta gaishe shi da ladabi, ta bar shi ya zazzage duk abin da ke ransa. Sannan ta fara tambaya a natse: allon nan a wane gefen titi yake? Motar da ya goga fa? Mai babur ta ina ya ɓullo? Amsar duk ɗaya ce, ta dama.

Ta tashi ta zubo ruwa a kofi, ta zagayo ta damansa ta miƙa. Baba na ta bayaninsa.

"Baba," in ji 'yarsa, murya ƙasa-ƙasa, "ruwa ake miƙo maka."

Ya waiwaya gaba ɗaya, sannan ya ga kofin dab da kafaɗarsa. Ya sa hannu ya karɓa.

Likitan ido da suka je gani ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinsa daga gefe ba tare da ciwo ba. Magani zai tsare abin da ya saura, amma wanda ya tafi ya tafi.

Da suka koma, lauyar ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Baba, in na kai wa alƙali bayanin likita, maganar ganganci za ta faɗi, don za a ga ba da gangan ba ne. Amma da shi za a karɓe lasisinka, kuma ba za a mayar ba."

"In ba ki kai ba fa, 'yata?"

"Wataƙila a ci ka tara mai nauyi, a dakatar da kai na wani lokaci, ka dawo. Sai dai ni ba zan tsaya gaban alƙali in roƙa a mayar maka da mota ba, bayan abin da na sani. Sai ka nemi wani lauyan."

Ya tashi ransa a ɓace, ko sallamar kirki bai yi ba. Kwanaki ya yi ba ya cin abin kirki. Ran nan da hantsi yana zaune a ƙofar ɗaki, matarsa na shanya, sai ya ce, kamar mai magana da kansa, "Ƙofar da yara ke sauka ta dama take." Ta tsaya cak da riga a hannunta. Washegari shi da kansa ya hau benen nan da takardar likita.

A kotu abin bai ɗauki lokaci ba. Lauyar ta yi bayanin shekarun da ya yi ba tare da laifi ba, ta miƙa bayanin likita. Mai babur ya zo yana ɗan ɗingishi, ya ce shi ya yafe, tsohon har gida ya bi shi da gaisuwa. Alƙali ya soke tuhumar ganganci, ya yanka 'yar ƙaramar tara. Baba ya ciro lasisin daga aljihun gaba, ya goge shi a jikin rigarsa, ya miƙa wa magatakarda da hannu biyu. A waje ya ce da lauyar, "Kin wanke mini suna, Allah ya yi miki albarka." 

Yanzu ba ya aikin komai sai ɗiga magani a ido da ɗan taya 'yarsa zaman shago. Amma har yau da sassafe yake shiryawa tsaf, ya fito da benci bakin titi. Tun daga nesa yake gane kukan injin bas ɗin cikin na sauran motoci. In sabon direban ya sa giya da garaje, sai ka ga Baba ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. Yara na leƙowa ta taga suna ihu, "Baba! Baba!" Ya ɗaga musu hannu har motar ta sha kwana, ya ɗan ƙara zama kafin ya shiga gida.

Duk ranar da zai koma ganin likita, surukinsa ke kai shi a 'yar motarsa. Baba ba ya yarda da kujerar baya. A gaba yake zama, kuma duk sanda aka tunkari mahaɗa ƙafarsa na danna ƙasa, tana neman birkin da babu. Surukin na gani, ya yi kamar bai gani ba.

"Baba, mu yanke ta kasuwa? Ta fi kusa."

"A'a, ɗana. Bi ta babban titi, in ba sauri kake ba."

Ya sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu a bakin taga, iska na kaɗa masa hannun riga, suka bi ta doguwar hanya.