Kaskar Tantabarun Inna

Shekaru sun ja, amma bazarar da na tsaya tsakanin wuƙar Baba da tantabarun Inna ba za ta taɓa fita raina ba.

A Gure muke lokacin, a gidan da aka ba Baba saboda aikinsa na asibiti. Inna ta rasu ta bar tantabaru cikin tsofaffin tuluna da ta jera a jikin bangon ɗakinmu, ni kuwa na gaje su. Da hantsi nakan zauna da littafina a cinya ban karanta ba, ina sauraren kukansu kamar na uwa mai rarrashin ɗa.

Zafi na shigowa sai ƙanwata ta fara tashi da kumburi a wuya da hannuwa. Baba ya ɗaga tabarma ya ga kaska, faffaɗa, ba irin ta shanu ba, ya ce daga tantabarun take fitowa. Na yi ta shara ina barbaɗa toka har damina ta wuce. Da ɗari ya shigo cizo ya tsaya cak, na je da murnata na ce, “Baba, sun mutu.” Wautata ke nan. Bazara na dawowa suka dawo, har yarinyar ta sosa jikinta ya yi gyambo.

“Mako guda na ba ki,” in ji Baba. “In cizon bai tsaya ba, zan yanka tantabarun nan.”

Na tafi wurin tsohuwar maƙwabciyarmu mai kiwon awaki da kaji. Dariya ta yi mini.

“Ke ƴar lakwal mai karatun boko, wane littafi ya ce miki sanyi na kashe kaska? Kwanciya take a tsagar bango, zafi ya tashe ta. Ko babanki ya yanka tsuntsayen, kanku za ta komo gaba ɗaya.”

“To Iya, yaya zan yi?”

“Ki bar ƙasa ta huta da tsintsiyarki. Bango za ki bi.”

Bangon na bi. Na kwashe tantabarun cikin kwando, na babbake tulunan da kara, na mayar da su can ƙarshen gida. Na tafasa ruwa ina ɗurawa a kowace tsaga, kaska na zubowa, sannan na kwaɓa laka na hau yaɓe. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, sai ga tafin hannuna ya tsattsage. Ban tsaya ba. Rana ta huɗu Baba ya dawo daga aiki, ya daɗe yana kallona. Sai ya cire farar rigarsa, ya miƙo hannu.

“Ba ni kwanon lakar, saman nan ya fi tsayinki.”

Kumburin ƙanwata ya saɓe, tantabaru suka tsira. Daga nan duk shekara da ɗari nake sake yaɓe, ba na jiran zafi.

Abin da na koya shi ne, don abu ya yi shiru ba mutuwa ya yi ba. Lokacin da ya lafa, lokacin ne ake tashi a yi maganinsa.