Reshen da Na Sa Aka Sare

Ina cikin takaba aka sare babban reshen mangwaron gidanmu. Ni na ce a sare, kuma har yau in na tuna sai na yi kuka. Ke mai rubutu, ki rubuta haka, kada ki gyara mini.

Malam, mijina, shi ya dasa shi shekarar da muka tare a Kurmin Mashi. A inuwar reshen nan yake alwala, a nan kuma aka ajiye makararsa.

'Yarmu tilo tana aure a ƙasar waje, ba ta sami zuwa jana'iza ba. Ta aiko mini da sabuwar waya mai nuna fuska. Amma duk lokacin da ta kira, sai fuskarta ta daskare, muryarta ta yanke. An ce a bakin titi tar take fitowa. To, mai takaba ba ta zaman bakin titi.

Maƙwabcinmu, mutumin Kudancin Kaduna, aikin ƙarfen sabis na waya yake yi. Ya shigo gaisuwa tare da matarsa, ya karɓi wayar, ya zagaya tsakar gida da ita.

Ya ce, "Mama, sabon sabis ɗin nan kamar hasken tocila yake. Akwatin da ke kan ƙarfen can yana haska kowa bi da bi, cikin ƙiftawar ido, don kada na wani ya shiga na wani. Rabonki yana zuwa, ganyen nan ne ke tare shi."

Na ce, "Ganye? Abin da ya ƙetaro teku?"

Ya ce, "Teku ba ta da ganye, Mama."

Matarsa ta harare shi. Ni kuwa na ce ba mai taɓa itacen Malam.

Ranar Juma'a 'yata ta sake kira tana kuka. Na ji ta ce, "Umma, da Baba zai cika, ya ambace…" Sai shiru. Ina ta ba ta amsa, ba ta ji.

Washegari na aika a kira maƙwabcin, ya zo da zarto. Na shige ɗaki na toshe kunnuwana, amma na ji faɗuwar reshen.

Da 'yata ta kira, na ga fuskarta sarai, har kumburin idanunta. Na ce, "Ya ambace ki. Ya ce ya yafe miki duniya da lahira."

Yanzu rana ce ke dukan wurin alwalar Malam. A nan nake shimfiɗa tabarma in jira kiranta.