Waɗanda Akta Ya Bari a Ƙasa

Kakarmu Fanna ba ta taɓa shiga gidan kallo ba har ta koma ga Mahaliccinta, amma ban san wanda ya kai ta taurin kai a gardamar fim ba. A ƙauyenmu na bakin Komadugu, can wajen Geskeru, da sana'a biyu aka san ta: bandar kifi da wankan gawar mata. Ta farkon ce ta ciyar da mu bayan rasuwar iyayenmu. Ta biyun kuwa don Allah take yi, kuma in mace ta rasu ko a tsallaken kogi ne, Kaka ake aiko wa kwalekwale.

Mu uku ta riƙe, yayana Modu, ni Ari, sai ƙanwarmu Falmata. Lokacin sanyi, in an tsinke tattasai an baza shi ya yi ja a bayan gari, wani ɗan kasuwa yakan kewaye fili da zana, ya ɗora talabijin a kan duro, ya ta da inji. Ana idar da la'asar ni da Modu muke shiga, Falmata kuma ta leƙa ta hujin zana. Da magariba mu dawo idanu jawur, mu zube a gindin bandar Kaka, don nan ne kaɗai wuta ke ci a gidan. Tarwaɗa na ɗiga mai a kan garwashi, hayaƙi na shiga mana hanci, Kaka na juya kifi da hannu kamar fatarta ba ta san zafi ba. Nan ake buɗe shari'a.

Modu ba ya sauka daga kan finafinan Amurka masu bindiga. Su ne na ɗaya, su ne na biyu, in ka matsa masa su ne na uku. Ni ina bayan 'yan Sin masu faɗa da hannu, don a ganina wanda ya kayar da ƙato da tafin ƙafa ya fi mai laƙaba yatsa a kunamar bindiga. Falmata ta Indiya ce, ko da rabin fuskar jaruma ta gani ta hujin zana sai ta dawo da waƙar a bakinta. Na Kano kuwa Modu a can ƙarshe yake ajiye su, wai ba komai cikinsu sai surutu da kuka. Mukan yi ta yi har jijiyar wuya ta tashi, kowa na ba da labarin gwaninsa yana ƙara gishiri.

Kaka takan bar mu sai mun gaji, sannan ta goge hannu a zane ta yi tambayarta guda ɗaya, wadda da ita take auna kowane fim a duniya.

"To, a cikinsa wa aka bari a ƙasa?"

In ka ce da yawa, ta tura fim ɗin baya. In ka ce ba su ƙirguwa, ta ce wannan ko a bola bai samu wuri ba. Wanda ta ɗora a saman kowa wani na Kano ne da duk muka tsana, inda tsohon tela ɗaya tak ya mutu da tari, aka cinye rabin kaset ana zaman makokinsa. Ta ce mutanen kirki ne suka yi shi, sun san girman gawa.

"Kaka, gani ya kori ji," in ji Modu. "Ke da ba ki taɓa kallo ba, ina ke ina yanke hukunci?"

"Kai mijin banza, mai cin kifina ba cefane," ta ce, "gawarwakin da na gani da idona sun fi waɗanda ka gani a akwatin can. Kuma nawa ba sa tashi in an kashe inji."

Wata rana Modu ya dawo yana rawar jiki, ya ce yau an gama gardama, ya ga fim ɗin da ba za a sake yin irinsa ba. Akta ya je ƙwato ƙanwarsa a gidan bos, shi kaɗai, ya share mutanen gidan tas. Abin da ya fi burge shi farkon shigar ne. Mai gadin ƙofa na zaune yana cin abinci, bindigarsa jingine da bango, akta ya lallaɓo ta baya ya murɗe masa wuya, ko tari bai yi ba. Modu har da tashi ya gwada a wuyana.

Kaka ta ajiye kifin da ke hannunta. Ta tambaya me mai gadin yake ci. Modu ya ce oho. Ta tambayi sunansa. Modu ya ce yaran bos ba su da suna.

"Yana da shi," ta ce. "Ku matso, in ɗauko muku shi daga inda aka yar."

Sunansa Gambo, in ji Kaka, don bayan tagwaye aka haife shi, tagwayen kuma ba su tsaya ba. Ambaliya ta cinye musu gona, sai ya ɗauki uwarsa suka koma gefen birni, ya shiga neman aiki. Wani mai babban gida ya miƙa masa bindiga ya ce ya tsaya a ƙofa. Kullum uwar takan aika masa tuwo, kwano ya tafi cike ya dawo wayam, ta haka take sanin ɗanta na nan lafiya. Ran nan kwano bai dawo ba.

Uwar ta yafa gyale ta fita. Ta tambayi kogi, kogi ya ce shi wanda ya faɗo masa yakan mayar wa mutanensa ko da a kumbure ne. Ta tambayi kura, kura ta ce ba ta kai gare shi ba tukuna, amma ta ɗaga kai ta dubi inda ungulaye ke kewayawa. Can ta same shi a kife, da lomar tuwo a hannu. Ta zauna a kansa tana korar ungulaye da gyale, tana kiran duk namijin da ya gifta ya zo ya yi wa ɗanta sutura. Ba wanda ya tsaya, don a ranar ake ɗaurin auren akta, gari duk ya tafi wajen kiɗa. Ita kuma mace ce, ba ta wanke namiji, ba ta binnewa. Da hannunta ya gaji, sai gara ta fito daga ƙasa ta ce, "Iya, ba mu iya wanka ba, ba mu iya salla ba, amma mun iya rufi." Suka yi ta ɗauko ƙasa da baki har suka lulluɓe shi. Shi ya sa har yau duk abin da mutum ya yar ya manta, gara ke zuwa ta rufe shi.

"Na rufe shi," in ji Kaka. "Ku tashi ku ba ni wuri."

Falmata na kuka. Modu ya yi dariya ya ce Kaka ta ɓata masa fim, amma duk da haka shi ne na ɗaya. Daga ranar, duk fim ɗin da muka kawo, sai ta tsinci wani da aka bari a ƙasa ta raɗa masa suna, ta ba shi uwa. Ni dai ta lalata mini kallo, don akta na can yana cin nasara, idona na kan wanda ya faɗi a gefen hoto.

Shekaru suka wuce, sai abin da ya faru da kowa a bakin kogin nan ya faru da mu. Mutanen daji suka fara tsallakowa, aka ce a tashi. Muka bar banda da gonar tattasai muka dawo gefen Diffa, cikin rumfunan tampol a bakin kwalta. Modu ya yi kabu-kabu har aka hana hawan babur. Ya zauna ba aikin fari ba na baƙi, ya daina magana, ya daina gardama ma, wata safiya muka tarar da shimfiɗarsa ba kowa. Ba wanda ya tambaye mu ina ya tafi, don kowa ya san inda samari ke tafiya in sun ɓace haka. Muka ce ya tafi ci-rani, maƙwabta suka yi kamar sun yarda.

Ni na samu zama a wata rumfar cajin waya, ina tura wa mutane finafinai. Gardamar nan ta yarinta ita ce dai ake yi a rumfar, sai dai yanzu masu gemu ke yin ta. Wata asuba aka yi harbe-harbe a gefen gari. Harsashi ya sami Yagana, 'yar maƙwabciyarmu Hajja Zara, tana hura wutar ƙosai a bakin hanya. Da hantsi wani ya shigo rumfa da hoton bidiyo a wayarsa, gawarwakin maharan a zube cikin wani kwari bayan gari. Aka yi cincirindo a kansa, wani ya ce wannan ya fi duk finafinan da ke cikin kwamfutata. Aka miƙo mini in tura wa jama'a. Na duba, sai ga fuskar Modu, ya rame, ya tara gemu, ƙura a bakinsa.

Ban san yadda na kai gida ba. Na tarar da Kaka, idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, tana ɗaure ganyen magarya da turare za ta je wankan Yagana. Na durƙusa na gaya mata. Ta ajiye ƙullin ganyen a gefe. Sannan ta lalubo akwatinta, ta ciro farin yadin da ta ajiye wa kanta tun muna ƙauye, ta ɗora mini a cinya.

"Ni mace ce, Ari. Kai ne za ka je."

"Kaka, in na je na ce nawa ne, mun gama zama lafiya a wurin nan. Kuma ba mu san ko harsashinsa ne ya sami Yagana ba."

"Ba mu sani ba. Wanda zai tambaye shi ya sani. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Tashi, rana na yi."

Na ji tsoro ƙwarai, kuma na ji haushin Modu fiye da yadda na taɓa jin haushin wani mahaluƙi. Amma na tashi. Mai unguwa ya raka ni wurin hukuma yana ta salati a hanya. Aka zaunar da ni ana yi mini tambayoyi har rana ta karkata, sannan aka ce in ɗauka. Liman ya ce zai sallace shi, hukunci na Allah ne. Ni na wanke yayana a bayan wani kango. Sahun sallarsa ni ne da mai amalanken da ya ɗauko mana shi. Sauran da suke tare da shi a kwarin, ban san abin da aka yi da su ba.

Kafin in dawo labari ya riga ni. Kaka ta dogara sanda ta je ƙofar Hajja Zara da ganyen magaryarta, Hajja Zara ta tare ƙofa ta ce hannun da ya raini wancan ba zai taɓa 'yarta ba. Kaka ta ce ta yi gaskiya, ta yi mata ta'aziyya daga waje, ta juyo. Ɗan kuka ya ja wa uwarsa jifa. Tun daga ranar ba a sake kiran ta wankan kowa ba, kuma ba wanda ya taka rumfarmu ya ce ya haƙuri.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyoyin Kaka tausayi kawai suke koyarwa, kuma tausayi abu ne mai sauƙi in kana zaune kusa da wuta, wanda ake tausaya wa kuma bai taɓa ka ba. Sai da na girma na lura ba ta taɓa cewa mai gadin nan ba shi da laifi ba. Bindiga ce a gefensa, yarinya ce a kulle a bayan ƙofar da yake tsaro, Kaka ta san da haka sarai. Abin da take cewa kawai, mai laifi ma gawa ne in ya mutu, kuma wani ne zai ɗauki nauyin rufe shi, ya biya da abin da yake da shi. Ita da mutuncinta ta biya, wanda ta tara tun kafin a haife mu. Har yau ban yafe wa Modu wannan ba, kuma har yau ina zuwa kabarinsa.

Kaka ba ta daɗe ba bayan nan. Ta rasu da rana tsaka, cikin zafi, ba mace ko ɗaya a rumfar sai Falmata, wadda ba ta taɓa taɓa gawa ba. Na kewaye wurin da tabarma, na tsaya daga waje ina miƙa ruwa, ina jin Falmata na kuka tana cewa ba ta san ta inda ake farawa ba. Can sai ga Hajja Zara da buta a hannu, da farin yadi a hammata. Ba ta dube ni ba, ba ta yi sallama ba, ta ɗaga tabarma ta shiga. Na ji tana ce wa Falmata, "Daga dama ake farawa. Riƙe mini kanta." Da ta gama ta fito ta wanke hannu, ta ɗauki butarta ta koma gida.

Muna nan maƙwabta har yanzu. Kullum da safe in zan tafi rumfa nakan rage tsawo in gaishe ta, ita kuma ba ta taɓa amsawa ba.